Wai an gano abin da ke hana kansa a jikin mutum, toh me ake jira?

Ummu Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin kimiyya a zauren nan ku taimaka min da bayani. Tun jiya ake ta turo min wani saƙo wai masana sun gano wata ƙwayar halitta a jikin mutum wadda furotin ɗinta yake hana ƙari girma. Ni kuma yayata tana kan kemo, wato maganin kansa na asibiti, wata na huɗu kenan, kansar mama ce, shekarunta 34 kacal, shiyasa duk inda naga an rubuta kansa sai gabana ya faɗi in tsaya in karanta. Na karanta saƙon ya kai sau uku amma abinda ya tsaya min a rai shine ko ina sai ace "mai yiwuwa", "ana kyautata zaton". An gano ne ko ba'a gano ba? in kuma an gano me ake jira ba'a ba marasa lafiya ba?

Sai Na Gani:
Allah ya ba yayarki lafiya 'yar uwa. Amma gsky shawarata ki daina wahalar da zuciyarki da irin saƙonnin nan, tun ina sakandare nake jin an gano an gano, har yau mutane mutuwa suke. Ni kam na daina buɗewa ma.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Allah ya tashi kafaɗunta, ya sa kaffara ne. Bari in fara da warware kalmomi, saboda da Hausa abu biyu muke kira ƙwayar halitta sai kan mutum ya ɗaure. Akwai sel, shine ɗan mitsitsin ginin da aka haɗa jiki da shi, akwai kuma jin, shi kuma wani yanki ne na rubutun DNA da ke cikin sel ɗin, umarni ne na yadda za'a haɗa furotin. Mutum yana da jin wajen 20,000 a jere a kan ƙunshin DNA da ake kira kuromosom guda 46, 23 daga uwa 23 daga uba. Jin takarda ce kawai, furotin ne mai yin aikin.

Kansa kuma a taƙaice sel ne da ya ƙi daina rabuwa. Akwai jin ɗin da aikinsu su ce ma sel rabu, kaman totur, akwai waɗanda aikinsu su ce tsaya, kaman birki. Masu birkin nan su ake kira masu danne ƙari, kuma maganarsu ta daɗe, ba jiya aka fara ta ba. Wanda yafi kowanne suna shine TP53, furotin ɗinsa ana ce masa p53, yana kan kuromosom na 17. In DNA ya samu matsala shi yake tsayar da sel yace a gyara tukuna, in gyaran ya gagara sai ya sa sel ɗin ya kashe kansa da kansa kafin ya haifi wasu masu irin lahanin. Wajen rabin kansar da mutane ke yi in aka duba za'a samu TP53 ya lalace a cikin ƙarin.

Ummu Yara:
Malam nagode sosai. Kenan kowa yana da shi? ni na ɗauka wani abu ne da za'a saka ma mutum

Malamin Bayoloji:
Kowa yana da shi 'yar uwa, kofi biyu ma, ɗaya daga mahaifi ɗaya daga mahaifiya, kuma yanzu haka da muke magana yana kan aiki a jikinki da nawa. Kin ga in rana ta ƙona fata bayan kwana biyu ta fara salewa? wani ɓangare na wannan aikinsa ne, sel ɗin da hasken rana ya ɓata musu DNA ne ake sallama.

Mai Aikin Lab:
Ina so in tsaya a kan kalmar "mai yiwuwa" ɗin nan da Ummu Yara ta kama, saboda wlh ita ce zuciyar tambayar kuma mutane tsallake ta suke. Kafin a yarda cewa wani jin yana danne kansa da gaske akwai matakan da sai ya haye. Da farko a duba naman ƙari da lafiyayyen nama a ga furotin ɗin ya ragu ko ya ɓace a cikin ƙarin, wannan zargi ne kawai, domin sel ɗin kansa abubuwa da yawa ne suke rikicewa a cikinsa, zai iya zama kansar ce ta kashe jin ɗin ba rashin jin ɗin ne ya kawo kansar ba. Sai a maida lafiyayyen jin cikin sel ɗin kansa da ake renonsu a faranti a ga ko sun rage saurin girma, shima bai isa ba tunda sel a faranti in ka cusa masa furotin da yawa kusan ko wane iri ne sai ya jigata. Sai a cire jin ɗin daga ɓeraye a jira a ga ko za su yi ƙari. Mafi ƙarfi kuma a samu dangi na mutane da suka gaji lalataccen kofi a ga kansa tana bin su.

p53 ya haye duka. A 1992 aka yi ɓerayen da babu shi sam, aka haife su garau kaman ba komai, amma kafin su kai wata shida yawancinsu ƙari ya kama su. Jin ɗin da ake rubuta ma "mai yiwuwa" kuwa yawanci a mataki na ɗaya ko na biyu suke, suna da yawa sosai, wasu za su tabbata wasu za'a manta da su. Ba ƙarya masanan suka yi ba, iya inda suka kai ne suka faɗa, masu tura saƙo ne suke ƙara gishiri.

Sai Na Gani:
Toh ai kin dawo maganata kenan. Ba su da tabbas.

Mai Aikin Lab:
A'a yaya, maganarmu ba ɗaya bace. Kai cewa kake duk shirme ne a daina karantawa, ni cewa nake a karanta amma a san a wane mataki abin yake. Da bambanci.

Malamin Bayoloji:
Kuma tarihin p53 ɗin kansa ya isa misali. A 1979 aka gano shi, David Lane da Lionel Crawford a Landan, da Arnold Levine da Daniel Linzer a Princeton ta Amurka, kowa a ɓangarensa, suna binciken wani bairos na birai mai suna SV40 sai suka ga wani furotin na manne da furotin ɗin bairos ɗin. Da aka ga yana cika maƙil a cikin sel ɗin kansa sai kowa ya ɗauka ai shine mai hura wutar, aka saka shi a layin totur. Shekara goma cur ana kan wannan fahimtar. Ashe kofin da suke ta gwaji da shi daga sel ɗin kansa aka ciro, lalatacce ne tun farko basu sani ba. Sai a 1989 ɗakin binciken Bert Vogelstein a Johns Hopkins suka duba kansar hanji suka ga kofi ɗaya ya ɓace gaba ɗaya tare da guntun kuromosom 17, ɗayan da ya rage kuma yana da kuskure, nan aka gane birki ne. A 1992 Lane ya kira shi mai gadin kundin halitta, a 1993 mujallar Science ta zaɓe shi a matsayin sinadarin shekara. Wanda ya ga manyan masana sun yi shekara goma suna kallon abu a baibai ba zai ga laifin mai rubuta "mai yiwuwa" ba.

Ɗan Autan Zaure:
Malam ni abinda ban gane ba, in birki ne me yasa yake cika a sel ɗin kansa? ai kamata yayi ya ɓace

Mai Aikin Lab:
Tambaya mai kyau ƙanina. A lafiyayyen sel p53 baya daɗewa, ana haɗa shi cikin 'yan mintuna wani furotin mai suna MDM2 ya kama shi ya kai shi a narkar. Abin sha'awar shine p53 ɗin ne da kansa yake bada umarnin a haɗa MDM2, wato shi yake kiran wanda zai kwashe shi. Sai DNA ya samu rauni ne ake dakatar da MDM2, p53 ya taru yayi aikinsa, in an gama a koma yadda ake. Toh lalatacce baya iya bada wannan umarnin, babu mai kwashe shi, sai yayi ta taruwa kuma ba aikin da yake. Har yau in muka shafa rini a kan yankan nama muka ga p53 ya fito da duhu sosai a kusan kowane sel, alama ce ta cewa ya lalace.

Ɗalibar Likitanci:
Malam da izininka in ƙara wani abu. A aji an koya mana ƙa'idar Alfred Knudson ta 1971, daga kansar ido ta yara, cewa sai kofi biyun duk sun lalace kafin birki ya tsinke, shiyasa yaron da ya gaji ɗaya lalatacce yake kamuwa da wuri kuma sau da yawa a ido biyu, tunda bugu ɗaya ya rage masa. Jin ɗin shine RB1 a kuromosom 13, an ciro shi a 1986. Amma p53 bai bi ƙa'idar nan sak ba, saboda shi huɗu huɗu yake haɗuwa kafin ya kama DNA, in rabin waɗanda sel ke haɗawa lalatattu ne kuma suna shiga cikin lafiyayyun, lissafi ya nuna ɗaya cikin 16 ne kawai zai fito duka huɗun garau. Kenan kofi ɗaya ma zai iya gurgunta aikin.

Malamin Bayoloji:
Haka yake likita, kin gyara min, na sauƙaƙa abin ne da yawa. Allah ya ƙara basira.

Baban Khalifa:
Ku dai kuna ta kewaye kewaye. Tun 1989 an san wannan abu, shekara talatin da ɗoriya, ace har yau ba'a yi maganinsa ba? Ni ban yarda ba. Kamfanonin magani ne basa so, in kansa ta warke wa zai sayi kemo. Ƙanin mahaifina haka muka yi ta kashe kuɗi har ya rasu, ba wanda ya taɓa ce mana ga wani p53.

Anti Nas:
Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, Baban Khalifa. Na san zafin da kake magana da shi, shekaru na yi ina jinyar masu wannan ciwo kuma naga yadda yake cinye gida. Amma ma'aikatan kamfanonin nan da iyalansu suma kansa tana kashe su fa.

Ɗalibar Likitanci:
Amin. Yaya, duk kamfanin da ya fara fito da maganin da zai gyara p53 ai ya gama samun kuɗi, rabin masu kansa na duniya ne kasuwarsa, shiyasa ma suke ta rububi. An gwada kuma ana kan gwadawa. A 2003 ƙasar Sin ta amince da Gendicine, bairos ne aka ɗora masa lafiyayyen TP53 ake yin allurarsa cikin ƙarin kai da wuya, matsalar ita ce ba zai shiga kowane sel ba, waɗanda bai shiga ba su cigaba da girma. A 2004 masu binciken kamfanin Roche suka fito da Nutlin, mai toshe MDM2 don p53 ya taru, wannan kuma sai a ƙarin da p53 ɗinsa lafiya lau yake, kuma magungunan wannan layin suna taɓa ɓargo su rage ƙwayoyin jini masu tsaida zubar jini. Akwai APR-246 da aka yi don ya miƙar da lalataccen furotin ya koma siffarsa, an sa masa rai sosai, a ƙarshen 2020 sakamakon babban gwajinsa a wata cutar ɓargo ya fito bai kai inda ake so ba.

Tushen wahalar shine, magani ya fi iya toshe abin da yake aiki fiye da kima. Imatinib da aka amince da shi a 2001 haka yake, totur ne ya maƙale a wata kansar jini aka samu abin da zai cusa ya tsayar da shi, mutane suka rayu. Amma abin da ya karye ko ya ɓace fa, yaya za ka toshe shi? sai dai ka dawo da shi, kuma cikin biliyoyin sel. Ga shi lalacewar TP53 ba iri ɗaya bace, furotin ne mai tubali 393 da ake kira amino asid kuma an samu kuskure a ɗaruruwan wurare.

Baban Khalifa:
Naji bayaninki kuma nagode, amma har yanzu zuciyata bata kwanta da kamfanonin nan ba. Ko ba su ɓoye ba ai tsadar da suke sakawa ma zalunci ne.

Ɗalibar Likitanci:
Maganar tsada kam ba zan musa maka ba yaya.

Maman Iman:
Dan Allah akwai wasu ƙwayoyi da ake tallarsu wai suna ƙara p53 a jiki, wata ƙawata har ta saya, ya gaskiyar abin?

Mai Aikin Lab:
Ki ce mata ta riƙe kuɗinta. Babu wata ƙwaya ta talla da aka tabbatar tana hana kansa ta wannan hanyar, yawanci a faranti aka zuba wani sinadari a kan sel aka ga p53 ya tashi, kuma ai ko guba ka zuba zai tashi tunda aikinsa kenan in sel ya shiga wahala. Sannan yawansa ma ba alheri bane. A 1995 an cire MDM2 daga ɓeraye, p53 ya rasa mai riƙe shi, 'ya'yan tun suna ciki suka mutu, da aka cire p53 ɗin shima sai suka rayu. A 2002 kuma an samu ɓerayen da p53 ɗinsu yake aiki fiye da kima, kansa ta ragu a cikinsu amma suka tsufa da wuri, ƙashi yayi rauni, suka mutu kafin sa'anninsu. Kuma in mutum yana kan kemo kar ya sha komai sai likitansa ya sani, wasu abubuwan suna karo da maganin.

Ɗan Autan Zaure:
Ni kuma naji ance giwa bata kansa, da gaske ne?

Malamin Bayoloji:
Tana yi amma kaɗan, kuma abin ya daɗe yana ɗaure ma masana kai. Richard Peto ne ya ja hankali a kai tun shekarun 1970, cewa dabbar da ta fi girma ta fi yawan sel kuma ta daɗe a duniya ai kamata yayi kansa ta fi kama ta, amma ba haka ake gani ba. A 2015 binciken su Joshua Schiffman ya fito a mujallar JAMA, suka nuna giwar Afirka tana da TP53 har 20 daga kowane ɓangare, na uwa da na uba, inda mutum yake da guda daga kowane, kuma da aka haska ma ƙwayoyin jininta haske mai lalata DNA sun kashe kansu kusan ninki biyu na na mutum. Sun ƙiyasta ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na giwaye ne kansa ke kashewa. Amma ka ga nan ma "mai yiwuwa" ɗin ta dawo, domin ƙarin kofin nan yawancinsu guntaye ne ba cikakku ba, har yanzu masana suna ja in ja kan nawa ne daga cikin kariyar za'a jingina musu.

Ɗalibar Likitanci:
Akwai ma wanda yafi wannan ruɗani, NOTCH1, a wata kansar jini totur ne, a kansar fata kuma birki ne. Jin ɗaya. Shiyasa in aka ce jin kaza yana danne kansa sai a tambaya wace kansar, a wane nama.

Anti Nas:
Ni abinda yake damuna duk lokacin da aka yi irin wannan hirar, hankalin mutane yana kan maganin da bai zo ba, alhali ilimin p53 ɗin nan ya riga ya nuna mana abubuwan da suke fasa shi kuma wasu a hannunmu suke. Bairos ɗin HPV yana da furotin mai suna E6, aikinsa ya sa a narkar da p53, wani kuma E7 ya kama na RB1, birki biyu a lokaci ɗaya, haka kansar bakin mahaifa take farawa. Nau'i na 16 da 18 kaɗai su ke kawo wajen kashi 70 cikin ɗari, kuma akwai allurar rigakafinsu, akwai gwajin da ake ganowa tun kafin ta zama kansa. Hayaƙin taba kuma a 1996 aka nuna wani sinadari da ke cikinsa yana manne ma TP53 a daidai wuraren da ake samun kuskure a kansar huhu. Wallahi in naga mace ta zo da kansar bakin mahaifa ta riga ta ci jiki sai inji kaman in yi kuka, saboda wannan ɗin ana iya tare ta.

Ummu Yara:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na fahimci abubuwa da yawa, ko ba komai yanzu na san ba wani magani aka ɓoye ma yayata ba. Amma Mai Aikin Lab kin ambaci dangin da suke gada, jikina yayi sanyi, saboda gwaggonmu ma kansar mama ce ta kashe ta tana da ƙuruciya, kuma akwai wani ɗan baffanmu da yayi ta ƙashi yana yaro. Ina da yara mata biyu.

Ɗalibar Likitanci:
Ki kwantar da hankalinki yaya, ba wanda zai iya yanke hukunci daga nan. Yawancin kansa ba gado bace, wajen kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai ake gada, sauran kuskuren a cikin ƙarin kaɗai yake faruwa a tsawon rayuwa kuma baya bin 'ya'ya. Amma abinda kika lissafa ya isa a faɗa ma likitan da ke duba ta, kar a yi shiru da shi. A kansar mama ta masu ƙananan shekaru abinda aka fi fara dubawa BRCA1 da BRCA2 ne, suma masu danne ƙari ne, aikinsu gyaran DNA da ya tsinke. Na TP53 kuma ana ce masa ciwon Li-Fraumeni, daga sunan likitoci biyu Frederick Li da Joseph Fraumeni da suka bayyana shi a 1969, a 1990 aka gano TP53 ne sanadi. Ba shi da yawa sam, alamarsa kansa iri iri a dangi ɗaya da ƙananan shekaru, mama, ƙashi, ƙwaƙwalwa, jini. Wanda yake da shi kowane ɗa da ya haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba.

Anti Nas:
Kuma sanin yana da amfani ga ita mara lafiyar kanta, ba yara kaɗai ba. In an tabbatar mutum yana da na TP53 likitoci suna taka tsantsan da gashin haske saboda zai iya jawo wani sabon ƙarin, wajen bibiya ma sun fi son hoton MRI da bashi da irin wannan hasken. Ki raka ta ranar ganin likita 'yata, mai kemo gajiya take bata iya riƙe duk tambayoyi.

Ummu Yara:
In sha Allah zan raka ta Anti, sati mai zuwa ne. Amma duk waɗanda na faɗa ɓangaren babanmu ne fa, shima ana lissafawa? na ɗauka kansar mama ta wajen uwa ake gadonta

Ɗalibar Likitanci:
Ana lissafawa sosai, daidai yake da na uwa. Jin ɗin nan duka ukun ba'a kan kuromosom na jinsi suke ba, TP53 da BRCA1 suna kan 17, BRCA2 yana kan 13, namiji yana iya ɗauka ya miƙa ma 'yarsa ko shi bai taɓa ciwo ba. Ki samu takarda ki rubuta kowa, ɓangaren uba daban na uwa daban, wace irin kansa ce, yana da shekara nawa aka gano, in da wanda yayi sau biyu ki saka. Ki tambayi manya a gida shekarun gwaggon taku lokacin da ta fara, likitan zai tambaya.